Dutsin da Mushe Ja'afaru Bai Tambayi Sunansa Ba

Akwai wani mutum a ƙasar Arewa da ilimi ya yi wa mummunar illa. Ilimin ba shi da yawa, kalma ɗaya ce.

Sunansa Ja'afaru, ɗan makiyaya ne. Uwarsa Ajuma ta rasu a hanyar kiwo yana jariri, wanta Kawu Mani ya raine shi. Shekara biyu da samun mulkin kai ya dawo Matankari daga karatu yana mushe, wato malamin lakkwal, makarantar boko, da keke da littafin Faransanci.

A littafin ya samo kalmar: filato, wato dutsi mai shimfiɗaɗɗen kai kamar faifai. Kullum sai ya nuna wa yara duwatsun ta taga su maimaita.

Wata rana Kawu ya ce, "Ɗana, kowane da sunanshi fa. Wancan Gadon Doguwa, ba a kiwo a kanshi. Wancan Mai Zuma. Zo mu zaga in gwada maka su, akwai wanda ya kamata ka sani."

Ja'afaru ya yi murmushi. "Kawu, littafi ya hutar da mu. Duk filato ne."

"To, Allah shi ƙara sani. Amma ka zo."

"Sai an yi hutu."

Aka yi hutu uku. Kafin na huɗu Kawu ya rasu.

Wurin gaisuwa Iya Ladidi, tsohuwar maƙwabciyarsu, ta ce, "Ai dai ya kai ka kushewar uwarka ko?"

Ja'afaru ya ce, "Ina take, Iya?"

"Gindin wani dutsi mai kan faifai. Mu mata ba mu zuwa rufi, mazan da suka je kuma duk sun bi ta."

"Wane dutsi?"

"Mani ya sha faɗin sunan, ni na tsufa. Kai ne mai takarda, mun zaci ka rubuta."

Ya hau keke ya bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya, daga Matankari har Dogon Dutsi. Ko'ina ya tsaya sai ya cire takalmi ya yi wa Ajuma addu'a, ko Allah zai sa a dace. Goma sha huɗu ya ƙirga.

Littafin bai yi ƙarya ba. Duk filato ne.

Darasi: Idan tsoho ya ce zo in nuna maka, tashi ka bi shi yau, kada ka jira hutu. Ku tura wa 'yan bokonku, sun iya karatu.