Gaisuwar Kyamara ta Huɗu

Akwai wani mai gyaran kyamarorin tsaro wanda ranar Laraba, tara ga watan Yuli, da ƙarfe bakwai daidai na safe, ya buɗe wayarsa ya duba wata gona, bai ga abin da ya saba gani ba.

Ana kiransa Mai Tsani, saboda tsanin da ba ya rabuwa da bayan babur ɗinsa. Tun rasuwar matarsa shi kaɗai yake zaune a ɗakin haya. Aikinsa zagaya gonaki masu nisa: ya goge gilashin kyamara, ya fasa gidan zanzaro, ya gwada batirin sola, ya canza wayar da ɓeraye suka cinye. Yakan yini bai yi magana da kowa ba sai mai sayar da fetur.

Cikin gonakin akwai ta wani dattijo da ke zaune shi kaɗai. Babban ɗansa, wanda ke aiki a birni, shi ya sa aka kafa kyamarori shida. Ranar da aka kafa su ya ce, "Baba, daga yau duk inda nake ina ganinka."

Duk wata idan Mai Tsani ya gama gyara, yakan mayar da hoton baya don ya tabbatar na'urar tana ajiye abin da ta ɗauka. A nan ya lura da wani abu. Kullum ƙarfe bakwai dattijon yakan tsaya gaban kyamara ta huɗu, wadda ke kallon ɗakin kaji, ya gyara hula, ya ɗaga hannu. Wata rana ya nuna ƙwai, wata rana ɗan akuyar da aka haifa. Sai ya ɗan jira, sannan ya juya.

Mai Tsani ya kira ɗan. "Yallaɓai, kana ganin gaisuwar Baba kuwa?"

"Wace gaisuwa? Ai ta huɗun nan na kashe ƙararrawarta. Kullum da safe sai ta dame ni, na ɗauka kaji ne."

"Ba kaji ba ne, Baba ne."

"To, zan duba."

Na'urar tana nuna sunan duk wanda ya shiga ta waya don kallon kyamarorin. Mako biyu sunan ɗan bai fito ba.

Kyamarar tana da ƙaramar fitila da ake kunnawa daga waya. Wata safiya, da dattijon ya ɗaga hannu, Mai Tsani ya kunna ta ya kashe, sau biyu. Dattijon ya tsaya cik, sannan ya ɗaga hannu biyu. Daga ranar ba a fasa ba.

Amma abin yana cin Mai Tsani a rai. Da wata ya zagayo, yana kan tsani dattijon yana riƙe masa, ya ce, "Baba, ka yafe mini. Fitilar nan ba ɗanka ke kunna ta ba. Ni ne."

Dattijon ya yi dariya har tsanin ya girgiza. "Ni fa na haife shi. Ƙarfe bakwai, ko ganga ake kaɗa masa a kunne ba zai motsa ba. Tun rana ta biyu na san kai ne."

"To me ya sa ba ka daina ba?"

"Kai me ya sa ba ka daina ba? Sauko, ɗana, shayi na hucewa."

Ranar Larabar nan kuwa, Mai Tsani bai ga dattijon a gaban kyamara ta huɗu ba. Ya duba duka shidan. Ƙofar ɗaki a buɗe, kaji a kulle, babu kowa. Ya kira dattijon, ba a ɗauka ba. Ya kira ɗan, wayar a kashe.

Ya bar aikin da ke jiransa, ya yi tafiyar awa biyu cikin taɓo. Bai ɓata lokacin nema ba. Shi ya kafa kyamarorin da hannunsa, ya san wuri ɗaya ne tak ba sa gani: bayan tankin ruwa.

Can ya same shi kwance, ya zame tun sassafe, ƙafarsa ta karye.

Dattijon ya buɗe ido da ƙyar. "Na san za ka zo. Sai dai babur ɗin nan naka ya tsufa."

Mai Tsani ya tare motar kayan gona, suka kai shi asibiti. Da yamma ɗan ya iso, ya kasa haɗa ido da kowa. A bakin gadon ya kunna ƙararrawar da ya kashe.

Bayan mako takwas dattijon ya koma gona da sanda. Yanzu ƙarfe bakwai fitilar sau huɗu take ƙiftawa, biyu daga birni, biyu daga ɗakin haya.

Darasi: Na'ura tana gani, amma ba ta amsa gaisuwa. Idan kana da tsoho a nesa, kada ka bar wa kyamara haƙƙin da ke kanka, kuma kada ka raina ƙaramin alherin da za ka iya yi wa wanda ba naka ba. Tura wa wani ya karanta, amma ka fara kiran iyayenka.