Inda Mercy Ta Yanke Shafin

Akwai wani makaɗin piyano a wani coci a Birnin Gwari, sunansa Obed. 'Yan bindiga sun ɗauke shi a hanyar Kuyello, ya yi damina guda a daji. Ya dawo da ransa, amma igiyar da aka ɗaure shi da ita ta bar masa nauyi a hannun hagu. Tun daga nan kuma, ko mahaifiyarsa ce ta tsaya a bayansa, sai jikinsa ya hau ɓari.

Coci ya shirya sujadar godiya saboda dawowarsa, shi ne kuma zai kaɗa wata sabuwar waƙa a wajen. Mercy, ɗaya daga cikin mawaƙa, ita ta tsara waƙar a manhajar rubuta kiɗa, ta buga musu a takarda.

Waƙar doguwa ce, dole a juya shafi. Manhaja kuwa ba ruwanta, ta yanke shafin daidai inda kiɗa ke gudu, hannu biyu na aiki. A da, Obed kan juya takarda kamar ƙiftawar ido. Yanzu kafin hannun ya ɗagu, mawaƙa sun yi gaba sun bar shi.

Ranar gwaji suka yi ta maimaitawa, kiɗan yana ta karyewa a wuri ɗaya. Malam Solomon, shugaban mawaƙa, ya ƙufula.

"Zan tsaya bayanka in juya maka."

"A'a, Malam. Don Allah."

"To a ba wani ya kaɗa! Ba za mu sha kunya gaban baƙi ba."

Obed ya rufe piyano a hankali. Ya ce, "In na kasa ranar Lahadi, ni da kiɗa har abada."

Mercy ta ce, "Malam, a ba ni zuwa Asabar."

"Ke Mercy, abin da na'ura ta tsara, me za ki ƙara?"

Jama'a, aikin nan ya ba ta wuya. Ta matse layuka, kalmomi suka hau juna. Ta rage gefen takarda, firinta ta cinye ƙarshen layi. Ta ƙanƙanta rubutu, sai ta tuna da idanun tsofaffin mata. Ta toshe nan, can ya ɓalle. Ga ba wuta, kullum kwamfuta na wajen mai caji. Ranar Juma'a har kuka ta yi.

Tana rera waƙar don ta lallashi kanta, sai ta tsaya cak. Akwai baitin da mata ke rerawa su kaɗai, piyano shiru. Ashe ba matsewa za ta yi ba! Ta yanke shafin a nan, ta tura sauran gaba.

Malam Solomon ya ga rabin shafi fari fat, ya yi tsaki. "Wannan ai ɓarnar takarda ce."

"Ba ɓarna ba ce, Malam," in ji Mercy.

Ranar Lahadi coci ya cika maƙil. Obed ya fara, gumi na tsattsafo masa. Mercy na cikin layin mata. Kiɗa ya gangaro ƙarshen shafi, ya tsaya. Mata suka ɗauka su kaɗai.

Hannun hagun nan ya ɗagu a hankali. Ya kama takarda, ta suɓuce. Ya sake kamawa, ya juya. Mata na sauke baitin, piyano ya shigo daram.

Mahaifiyar Obed ta rangaɗa guɗa. Malam Solomon na kaɗa hannu, hawaye na bin fuskarsa.

Da aka tashi, Obed ya sami Mercy a bakin ƙofa.

"Ƙanwata, na ga inda kika yanke shafin."

Ta sunkuyar da kai.

"Akwai waƙar da na haɗa a zuciyata a daji. Ban taɓa rera wa kowa ba. Gobe ki zo da kwamfutarki."

Darasi: Wanda ya fito daga wahala ba turawa yake buƙata ba, ba kuma tsaya masa a ka ba. Ka yi haƙuri ka bar masa filin da zai yi da hannunsa. Ku tura wa wanda ke da irin Obed a gidansa.