Ayun Teku da Mashin Kakale

Ku aje wayoyin nan ku ba ni kunnuwanku. Labarin yau ba na dariya ba ne, kuma in na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci, don ni na juya shi na juya, ban samu bakin zaren ba.

A ƙasar Yawuri, a wani ƙauyen masunta da ke bakin kogin Kwara, an yi wani mutum da ake kira Kakale Mai Ayu. Ku yaran yanzu ba ku san ayu ba sai a baki. Dabbar ruwa ce mai girman saniya, ba ta cizo, ba ta faɗa, ciyawa kawai take ci, tana kuma shayar da ɗanta nono. Kakale ya kashe su ba adadi da wata dabara da ya gada. Yakan tsoma filafili a ruwa, ya kafa baki a ƙotarsa, ya yi wani siririn kuka irin na ɗan ayu da ya ɓace. Uwa in ta ji, ko tana ina sai ta taso, shi kuwa yana tsaye da mashi. Ta ƙarshen da ya soka, da idonsa ya ga nono yana bin jini a kan ruwa. Daga ranar ba a sake ganin ayu a wannan yanki ba.

Da tsufa ya kama shi, ido ya tafi, abin ya riƙa cin sa. Wata rana ya kira 'ya'yansa uku, Arzika babba, da Bagudu, da autarsu Ige, ya sa aka ɗauko mashin. Ba ƙarfen banza ba ne, domin wanda ke riƙe da shi, shi ne bakin gidan a duk wata maganar ruwa.

Ya ce, "Hannuna da jini zan je gaban Allah. Duk wanda ya raya mini ayu ɗaya a cikinku, ya zo ya faɗa mini in ji da kunnena, shi ke da mashin nan, kuma da albarkata zai riƙe shi."

To ina za a samu ayun? Uban ya riga ya share kogin. Ige ce ta yi karatun kiwon kifi, ita ta ci karo da sanarwar wata ƙungiya da ke neman masu aikin sa-kai, waɗanda suka san ruwa da taru. Aikin a wani tsibiri ne can gabashin Afirka, wata shida, ba albashi sai ci da wurin kwana. Za su riƙa kwashe tsoffin tarun roba da jiragen kamun kifi ke zubarwa a teku, waɗanda ke ci gaba da kisa ba mai su. Aka ce a can akwai ayun teku. Su ukun suka rubuta suna, aka ɗauke su.

Arzika ya tafi da girman kai, ba zan ɓoye muku ba. Shekara talatin yana kan ruwa, yana ganin ba abin da wani zai koya masa. Ranar farko wani tsohon matuƙi na tsibirin ya nuna masa da hannu cewa ruwan nan yana tafiya ya dawo sau biyu kowace rana. Arzika ya gyaɗa kai kawai. A wurinsa ruwa sau ɗaya yake cika a shekara, sau ɗaya yake janyewa, haka ya tashi ya gani. Kunnensa ya ji maganar, amma ba ta shiga jikinsa ba.

Wata biyar suna jan taru mai wari, gishiri ya farfasa musu ƙafa. Sun kuɓutar da kunkuru, sun kuɓutar da kifaye da ba su san sunansu ba, ayu kuwa ko bayansa ba su gani ba. Daga gida kuma saƙo ɗaya ne kullum, jikin Baba sai a hankali. Arzika ya daina cin abinci sosai. Kowace safiya in ya ɗauki filafili, abin da ke ransa shi ne kada tsohon nan ya tafi bai ji ba.

Wata Talata da hantsi suna su uku a kwalekwale, nesa da sansani, Arzika ya lura da ciyawar ƙarƙashin ruwa an kafta mata hanya, irin kiwon da uban ya koya masa ganewa. Ya ce a tsaya. Ya kasa kunne, sai ya ji numfashi can gaba, gajere, na dabbar da ta gaji. Ayu ce mace, taru ya naɗe ta tun daga wuya har wutsiya, da ƙyar take ɗago hanci. A wannan zurfin ba mai iya taɓa ta, kuma da sun matsa sai ta nutse. Arzika kaɗai uban ya koya wa kukan nan, bayan ya tuba kuma ya sa shi rantsuwa da Alƙur'ani ba zai taɓa yin sa ba. Ya daɗe yana kallon filafilin. Sannan ya tsoma shi, ya kafa baki, ya yi kukan da ya ƙarar da ayun garinsu. Ta juyo. A hankali ya riƙa jan ta da ƙaryar ɗa, har ya kawo ta inda ruwa bai wuce ƙirji ba, ya ɗaure kwalekwalen a jikin saiwar wata bishiyar da ke tsaye cikin ruwa kamar yadda ake yi a Kwara.

Ige ta ce da ƙaramar murya, "Yaya, ruwan nan fa janyewa zai yi."

Ya ce, "Ke, yaushe kika fara koya mini ruwa?"

A gidansu ƙanwa ba ta maimaita wa yaya magana a kan ruwa. Ta sani sarai, ita ke karanta takardar lokutan cika da janyewa kowace safiya, amma ta haɗiye.

Bagudu ne ya shiga ruwan. Shi ne mai dogon numfashi a cikinsu, mutum ne kuma mai riƙon al'ada har ya ba ka haushi. A gidan Kakale ba a sa wa taru wuƙa, ko na maƙiyi ne, ƙulli-ƙulli ake kwance shi. Wata biyar abokan aiki na yi masa dariya yana kwance shara da yatsa. A ranar ma haka ya fara, ya ɓata kusan sa'a guda yana lalube, alhali igiyar roba ta nutse cikin naman dabbar. Da ya ga ba ta kwantuwa, ya ce a miƙo wuƙa, hawaye na zubo masa. Ya nutse ya yanka, ya taso ya sake nutsewa, ya fi sau ashirin. Saura igiya ɗaya ayun ta yi wani irin juyi don zafi, igiyar ta ɗaure masa hannun dama ta ja. Da hagu ya ƙarasa yankan. Da ya taso, yatsu uku sun tafi, kuma ku da kanku kun san masunci mai yatsu biyu ba ya sake jefa tarun birgi.

Sai da suka ɗago kai suka ga abin da ya faru. Ruwan da ke ƙirji ya koma gwiwa, kafin su ɗaure hannun Bagudu ya koma idon sawu. Tekun ya tattara ya tafi, ya bar musu laka iya ganin ido. Kwalekwale ya zauna a taɓo, ayu tana kwance a fili, rana na dukan ta. A nan ne maganar tsohon matuƙin ta shiga jikin Arzika, lokacin da ba ta da sauran amfani. Jini na zuba daga hannun ƙanensa, dole ya goya shi ya nufi sansani a ƙafa, tafiyar sa'a biyu cikin laka.

Aka bar Ige ita kaɗai. Ta san fatar ayu in ta bushe tsagewa take yi, kuma ruwa ba zai dawo ba sai bayan la'asar. Ta cire mayafinta da zanen da ta yafa, ta jiƙa ta lulluɓe dabbar. Akwai wani ɗan kududdufi da ruwa ya rage, taku arba'in daga wurin. Da gwangwanin kwarfe ruwa ta riƙa zuwa tana dawowa, laka na kama ta har ƙwauri, ƙwanson kawa na yanka mata tafin ƙafa. Wajen azahar wayarta ta fara ƙara a cikin kwalekwale, can ɗaya ɓangaren. Ta gane ƙarar, ta gida ce. Ta dubi ayun, ta ga bayanta ya fara fari, ta ce bari ta ƙara zuwa ɗaya tukuna. Wayar ta katse, ta sake, ta katse, ta sake, har sau bakwai. Kowane karo Ige na cewa sai ta ƙara ɗaya. Ba ta tsaya ba sai da ta ji sanyin ruwa ya taɓa mata ƙafa.

Arzika ya dawo da mutanen ƙungiya daidai lokacin da ruwa ya ɗaga ayun. Ta yi numfashi ɗaya mai tsawo, ta karkaɗa wutsiya, ta tafi da mayafin Ige a bayanta. Arzika ya yi kabbara, ya ruga ya ɗauko wayar don ya kira gida ya ce Baba an yi. Ƙanen ubansu, Baffa Nomau, shi ya ɗauka.

Ya ce, "Arzika, sai haƙuri. Yanzu muka dawo daga kai shi. Tun da rana yake cewa a kira masa Ige. Maganarsa ta ƙarshe, cewa ya yi a tambaye ku ko kun samu."

Ƙungiyar ta buga hoton ayun a mujallarta, da hannun shugabar ƙungiyar a kan bayanta. A ƙarƙashi aka rubuta cewa ma'aikata sun ceto ta tare da taimakon wasu 'yan sa-kai uku. Ko sunansu babu. Wannan bai dami Arzika ba, wanda yake so ya ji ba ya nan.

Da suka dawo gida, Baffa Nomau ya tara dangi, ya shimfiɗa tabarma, ya aje mashin a tsakiya. Ya ce wasiyya ce, mutum ɗaya aka ce, kuma mashi ba ya rabuwa uku. Arzika ya zauna yana kallon tsatsar da ke bakinsa. Ya san ba don shi ba da ba a ga ayun ba, balle a kawo ta inda hannu zai kai. Ya kuma san ya karya rantsuwar da ya yi wa uban, kuma taurin kansa ne ya kwantar da ita a laka. A damansa ga Bagudu ya ɓoye hannu cikin riga. Ba don wuƙarsa ba da ta mutu a ɗaure, amma da ya yanka tun farko da ruwa bai gudu ya bar su ba. A hagunsa ga Ige, tun da suka sauka ba ta yarda ta riƙe waya ba. Ba don gwangwaninta ba da rana ta gama abin da taru ya fara, amma ita ce ta san ruwa zai tafi ta yi shiru, ita ce kuma uban ya mutu yana kira.

Ba wanda ya miƙa hannu, ba kuma wanda ya ce ya bar wa ɗan'uwansa. Har rana ta yi tsaka mashin na nan kwance a tabarma.

To, jama'a, ga ku ga su. Wanda ya karya rantsuwa ya kira ta, da wanda ya ba da yatsunsa ya yanke ta, da wadda ta bar kiran ubanta ta jiƙa ta, wane ne a cikinsu ya raya wa Kakale ayun nan, har Baffa Nomau zai ɗauki mashin ya damƙa masa?