Sunan da Falke Jatau Ya Kasa Faɗa

An ruwaito a littattafan mutanen da cewa a Birnin Baure an yi wani falke mai fataucin goro, ana ce masa Jatau. Ya rabu da matarsa Lantana, suka yi ta jayayya a kan wanda zai riƙe 'yarsu Hansatu, mai shekara takwas, har magana ta kai gaban Sarki.

To, Hansatu 'yar fari ce, mutanen garin kuwa ba su faɗar sunan ɗan fari, balle su nuna suna sonsa. Da Sarki ya tambayi Jatau hujjarsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce shi ba wai ya damu da "waccan" ba ne, akuyarsa ce ba ta da mai ba ta dusa. Lantana ta ce yarinyar ba ta iya komai ba sai cin tuwo, amma a bar mata ita, ta riga ta saba da wahalarta. Sarki ya rasa gane ko nemanta suke ko gudunta.

Waziri Nomau, wani tsoho mai lura, ya hango yarinyar a bakin ƙofa tana share hawaye, tausayi ya kama shi. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, an yi wani maɗinki da aka ba ɗinkin rigar yaro. Ya auna uban, ya auna uwar, ya yanka tsaka-tsaki. Ranar Salla yaro ya taka bakin riga, sai ga shi cikin kwata." Sarki ya yi dariya, ya ce a je a auna yarinyar.

Waziri ya zauna a ƙasa kusa da ita, gwiwoyinsa na ƙara. Ya gaya mata ba ta yi laifin komai ba, ba wanda za a doka, Sarki so yake ya ji inda take son zama.

Ta ce, "Baba, ai na ji da kunnena, ba mai so na. A bar ni wurin akuyar."

Waziri ya bayyana mata cewa kunya ce kawai, har ya raɗa mata cewa ubanta ya bar ayarin fatake masu zuwa Gwanja ya wuce saboda ita. Sai ta ce in gaskiya ne, su kira sunanta ta ji.

Sarki ya ce a yi haka. Lantana ta ja mayafi ta rufe fuska, ta faɗa a hankali. Jatau kuwa gumi ya karyo masa, ya roƙi a yi masa bulala goma maimakon haka, Sarki ya ƙi. Ya dubi rufin fada, ya dubi 'yarsa, ya ce, "Hansatu."

Yarinya ta zaɓi zama wurin uwarta, ta riƙa zuwa wurin ubanta duk sa'ad da ya dawo daga fatauci. Sarki ya zartar da haka, ya yafa wa Waziri alkyabba.

Masu ruwayar sun ce tun daga ranar ba a ƙara yanke wa yaro hukunci a Birnin Baure ba sai an zauna ƙasa an gaya masa abin da ake ciki, an kuma saurare shi, domin yaro yana jin duk abin da manya ke faɗa, kuma yana ɗaukarsa gaskiya.