Mai Jan Babur a Hanyar Tsaskiya

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a ƙasar Batsari, a shekarun nan da zuwa gona ya zama kasada. Ba zan kama sunansa ba. Manomi ne mai waya, kuma yatsansa ya fi hankalinsa sauri.

Mutanen garinsu suna da guruf a waya, inda suke sanar da juna in an hango 'yan bindiga. Wata rana ya tura hoton gidaje suna cin wuta, ya ce ƙauyen Babban Duhu ne. Mata har sun fara ɗaure kaya. Sai Malam Sada, malamin firamare da aka turo garin, ya rubuta cikin ladabi cewa tsohon hoto ne, don Allah a cire. Mutane suka yi ta yi wa mutumin dariya.

Laifin Malam Sada ke nan. Mutumin nan ya kwana uku yana huci, ya rantse sai ya rama.

Ina ma zagi ya yi. Waya ya ɗauka ya tura saƙon murya: "Jama'a, a yi hattara. Mai jan babur ɗin nan mai fasasshen madubi da ke bin hanyar Tsaskiya infoma ne, shi ke kai musu labari." Malam Sada yake nufi, amma bai faɗi suna ba, don kada a kama shi da magana. Kun san abin da kalmar nan take jawowa a ƙasarmu. Shi ma ya sani sarai.

Saƙon ya shiga Karare, ya shiga Safana. Kowa turawa yake, ba mai tambaya.

Ashe tsadar abinci ta sa Malam Sada ya sayar da babur ɗin ranar kasuwa. Wa ya saya? Hamidu, babban ɗan mutumin nan, da ke zaune a Safana. Gyaɗarsa ya sayar don ya fara kabu-kabu, bai ma kai ga gaya wa uban ba.

Da hantsi matasa suka tare shi a hanyar Tsaskiya. Ya rantse, ba su saurara ba. Suka kunna masa saƙon. Wanda ya ga abin ya ce nan Hamidu ya daina kare kansa, ya ce, "Wannan ai muryar babana ce." Suka rufe shi da duka. Bai kai asibiti ba.

Indo, uwar Hamidu, ta bar gidan ranar sadakar uku. Yau mutumin yana nan, in ya yi sallama ba mai ɗaga kai. Wallahi ba shi nake tausaya wa ba, Hamidu nake tausayi.

Ku da kuka tura, kuna zaton ba ruwanku? Abin da ba za ka iya faɗa wa mutum ido da ido ba, kada ka faɗa a waya. In an yi maka gyara, ka yi godiya. Abin da ba ka tabbatar ba, ya tsaya a wurinka.

Allah ya kiyaye mu da sharrin harsunanmu da yatsunmu, ya jiƙan Hamidu.