Yatsa Goma da Batirin Maɓalli

Jama'ar wannan shafi, wannan ba "an ce" ba ne. Wallahi da idona na gani, ina zaune a kan benci a shagon gyara, rediyona a cinya. Wanda bai yarda ba ya zo ya duba bencin, yana nan.

Akwai wani makaɗin piyano, irin na lantarki ɗin nan, ana ce masa Yatsa Goma. Ya iya kiɗa, ba ƙarya, amma kansa ya fi piyanon girma.

Piyanon na yayansa ne da ya rasu. A ciki akwai kiɗa guda, lamba bakwai, wanda marigayin ya buga da hannunsa ya ajiye. Duk duniya babu shi a wani wuri sai nan.

Ran nan ya kawo piyanon wurin Baba Soda, mai gyaran rediyo da su talabijin, wai gilashin yana ta nuna masa wani rubutu.

Baba Soda ya saka tabarau ya duba. "Batirin ciki ne ya kusa mutuwa. Ɗana, ka kwashe kayanka a filas?"

"Filas na me? Na danna sef, na ajiye komai, tun shekara takwas da suka wuce."

"Sef ɗin nan a cikin piyanon yake. Akwai ɗan batiri kamar maɓallin riga, shi ke riƙe masa tunani in an kashe wuta. In na cire shi, irin wannan tsohon zai manta komai."

Yatsa Goma ya kwashe da dariya. "Baba, kai dalma ka sani. Ko ƙofa aka ba ka ba za ka iya ƙwanƙwasa ta a kan tsari ba. Canja kawai, ina dawowa."

Ya fita yana kaɗa makulli.

Na ce, "Soda, cire masa, ya ga aya."

Ya ce, "Kai dai tsufanka bai yi maka amfani ba." Ya jawo aljihun tebur, ya tono wani filas a cikin tarkacen sukurori, ya hure shi, ya soka a bayan piyanon. Sai da ya kwashe komai tsaf, sannan ya ɗauki sukundireba.

Bayan azahar gogan ya dawo. Ya kunna, ya danna bakwai. Shiru. Ya sake dannawa. Ya danna shida, ya danna takwas. Wayam, kamar aljihun wandona.

Ya zauna a kan wata matacciyar sifika, ya ce a hankali, "Baba... hannun Yaya ne a ciki."

Baba Soda bai ce "ai na faɗa maka" ba. Da ni ne, sau tara zan faɗa. Shi dai ya mayar da filas ɗin, ya latsa nan ya latsa can, ya ce, "Danna kuma."

Kiɗa ya tashi. Har da wani wuri a tsakiya inda yatsan marigayin ya zame ya taɓa na kusa. Yatsa Goma yana dariya yana share ido. "Kullum nan yake kuskurewa! Kullum!"

Ya durƙusa ya kama hannun Baba Soda. Tsohon ya ce, "Tashi, za ka taka min waya. Je ka sayi filas naka guda biyu, mu kwafa maka. Ɗaya a gida, ɗaya a wurin ƙanwarka. Kada ka bar su a jakar piyanon."

Ni kuwa na miƙe na taka rawa har masu wucewa suka tsaya suna tafi.

To, rawar nan ni na ƙara. Gwiwata ba ta yarda ba tun bara. Sauran duk gaskiya ne.

Darasi: Abin da kake da shi a wuri ɗaya tak, aro ne a hannunka. Ka yi masa kwafi tun yana nan, kuma kada ka raina mai gaya maka gaskiya don bai iya sana'arka ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu taurin kai, kun san su.