Shaidan Tsakiyar Teku

Dilolin atamfar Hajiya Barira sun iso tashar jiragen ruwa ta Ikko a jiƙe sharkaf, kuma su ke nan jarinta kaf. Manajan kamfanin jirgin, Alhaji Tanimu, ya ce ba za su biya diyya ba.

"Hajiya, sai kin kawo wanda ya ga shigar ruwan da idonsa a tsakiyar teku."

"Ashe kifi zan kira," in ji ta. "Ranka ya daɗe, wa ya sa hannu a takardar lodi cewa kayana sun shiga a bushe?"

"Kyaftin ɗinmu."

"Takardar saukewa fa, mai cewa sun fito a jiƙe?"

"Akawunmu."

"Tsakanin can da nan, su wa ke cikin jirgin?"

"Ma'aikatanmu mana."

"Madalla, kira su. In wani ya gani, ga shaidana nan. In babu, barci suka yi a kan dukiyar mutane, sai ka maimaita haka gaban alƙali."

Alhaji ya ture hula ya sosa ƙeya. "Ai maganar ba ta kai can ba, Hajiya."

"Ni ma haka na gani, ɗan nan. Ungo biro, kafin shi ma ya jiƙe."